Albashi, Kora da Rauni a Wurin Aiki: Amsoshin da Na Gaji da Maimaitawa

Ba a ba ni takardar ɗaukar aiki ba. Ina da haƙƙi?

Kana da shi. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta wajabta wa mai aiki ya ba ka takarda cikin wata 3 da fara aiki. Rashinta laifinsa ne. Saƙon shigar albashi da ke wayarka shaida ne, kada ka goge.

Ina zan kai ƙara?

Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Tun gyaran tsarin mulki na 2010 ita ke da hurumin wannan shari'a, kuma tana da reshe a Kano da Kaduna. Don Allah a daina kai maganar albashi caji ofis.

Sufabaiza ya ɗora ni kan injin da ba a koya mini ba, ya tafi, injin ya cinye mini yatsu. Wa zan kama?

Sannu. Wannan kam sai a bi a hankali. Sakacin sufabaiza a bakin aiki yana hawa kan kamfani ne, domin shi ya naɗa shi, kuma wajibinsa ne ya koyar, ya sa ido, ya rufe haƙoran inji. Amma hanya biyu ce. Akwai Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, inda mai aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, wato hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a wurin aiki. A nan ba sai ka tabbatar da laifin kowa ba, sai dai ka sanar da mai aiki cikin kwana 14, ka nemi diyya cikin shekara 1. Ɗaya hanyar ita ce ƙarar sakaci, wadda kuɗinta kan fi kauri, amma sai ka kawo hujja, kuma in aka ga kai ma ka cire murfin injin don sauri, za a iya rage maka. Dokar ta ce diyyar asusun tana maye gurbin ƙara, don haka kada ka sa ran cin biyu, kada kuma ka zaɓa kafin lauya ya duba takardunka. Na ga matashi da hannu a naɗe da bandeji, abokan aikinsa uku sun ga abin da idonsu, amma bayan wata biyu kowa ya yi gum don tsoron rasa abincinsa. Ka ɗauki hoton injin da katin asibiti tun yau.

An kore ni ba sanarwa.

Mako 2 ne in ka yi shekara 2 zuwa 5, wata 1 in ka kai 5, ko a biya ka kuɗin madadinsa. In yarjejeniyarku ta fi haka, ita za a bi.

Sun ba ni kuɗin magani, sun ce in sa hannu na yafe.

Haba ɗan'uwa! Ka karanta kuwa? Yafiya don Allah daban, takardar da ke rufe maka ƙofar kotu daban. Karɓi kwafi ka kai Hukumar Ba da Agajin Shari'a, suna taimakon marasa ƙarfi kyauta.