Aikin Laburare: Me Ma'aikacin Ɗakin Karatu Yake Yi a Bayan Kanta?

Mai shiga laburare abin da yake gani shi ne mutum zaune bayan tebur da hatimi a gabansa, yana harara idan an ɗaga murya. Shi ya sa wasu ke yi wa aikin kallon zaman kashe wando mai albashi. Amma mafi yawan aikin a ɗakin baya ake yinsa, inda mai karatu ba ya shiga, kuma dukkansa abu guda yake nema: duk littafin da aka mallaka, a iya ɗauko shi cikin 'yan mintoci ranar da wani ya buƙace shi.

Shin aikin ya wuce gadin littattafai?

Nesa ba kusa ba. A babban laburare irin na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, aikin rabe yake sashe-sashe: masu zaɓo littattafai da sayo su, masu katalog (jerin bayanan kowane littafi da gurbinsa a kanta), masu ba da aro, masu amsa tambayoyin bincike, masu kula da jaridu da mujallu, masu kwamfuta, da masu ɗinki da gyaran bango. A laburaren makarantar sakandare kuwa mutum ɗaya ne ke ɗauke da wannan duka, wani lokaci har da shara.

Idan sabon littafi ya iso, me ake yi masa kafin ya hau kanta?

Da farko a gwada kwalin da takardar oda: suna, bugu na nawa, kwafi nawa. Sannan a buɗe kowane kwafi a bi shafukansa. Ana buga littafi ne kashi-kashi, galibi shafi 16 a haɗe, don haka idan an yi kuskure wajen ɗinki sai ka ga an tsallake daga shafi na 48 zuwa na 65, ko an maimaita, ko an juya kai ƙasa. Wannan dubawar dole ta riga hatimi, domin dillali ba ya karɓar littafin da aka riga aka buga wa hatimi.

Daga nan sai rajistar shigowa. Kowane kwafi da lambarsa. Kwafi goma na littafi ɗaya, lamba goma. Lambar da aka ba wani littafi ba a sake ba wani, ko da na farkon ya ɓace ko gara ta cinye shi. A layinsa ake rubuta ranar shigowa, mawallafi, suna, maɗaba'a, shekara, farashi, da ko saye ne ko kyauta. A buga hatimi a bayan shafin suna, da gefen takardu, da wani shafi na sirri da laburaren ya zaɓa wa kansa, yadda ko ɓarawo ya yage shafin farko za a gane littafin a kasuwa. Sai katalog, sai manna lambar mazauni a gadon bayan littafin, sai aljihun kati da takardar ranar dawowa, ko lambar da na'ura ke karantawa idan an koma kwamfuta.

Lambobin nan da ke bayan littafi, yaya ake samo su?

Tsari biyu ne suka fi yawa a Najeriya. Laburaren gwamnatin jiha da na makarantu sun fi amfani da tsarin Dewey, wanda wani Ba'amurke, Melvil Dewey, ya fitar a 1876. Ya raba ilimi gida goma: 200 addini, 300 zamantakewa da shari'a da tattalin arziki, 400 harsuna, 500 kimiyya, 600 fasaha da likitanci da noma, 800 adabi, 900 tarihi da labarin ƙasa, da sauransu. Harshen Hausa yana 493.72, adabinsa 893.72, tarihin Najeriya 966.9, na Nijar 966.26, karin magana 398.9. Jami'o'i kuwa sun fi karkata ga tsarin laburaren majalisar dokokin Amurka, mai haɗa haruffa da lamba: BP Musulunci, R likitanci, S noma, DT515 tarihin Najeriya.

Tsarin Dewey yana ɗauke da tabon wurin da aka haife shi. Daga 220 zuwa 280 na Baibul ne da Kiristanci, Musulunci kacokan aka cusa shi a 297. A laburaren Kano ko Sakkwato, inda kanta bayan kanta tafsiri ne da hadisi da fiƙihu da tasawwufi, lambobin sai su yi tsawo har su ƙi shiga bayan ƙaramin littafi. Wasu laburaren sukan faɗaɗa 297 da tsarin cikin gida. Babu laifi, muddin an rubuta ƙa'idar an ajiye, don kada wanda zai gaji kujerar ya zo ya yi nasa daban.

Kuskuren da sabon ma'aikaci ya fi yi guda biyu ne. Na farko, ba da lamba ta hanyar duba suna kawai. Littattafan Hausa da yawa karin magana ne sunansu, ba za ka san ko labari ne, ko wa'azi, ko tarihin wani basarake ba sai ka karanta gabatarwa da ƙunshiya. Na biyu wajen jerawa: abin da ke bayan ɗigo ba cikakkiyar lamba ba ce, ɗaya bayan ɗaya ake karanta shi. Saboda haka 297.122, gurbin Alƙur'ani, yana gaban 297.2, duk da ido na ganin 122 ya fi 2 yawa.

Mene ne wahalar katalog? Ba kwafe abin da ke bango ba ne?

Da haka ne da an huta. Katin katalog na da, mai faɗin santimita 12.5 da tsayin 7.5, da allon kwamfuta na yau, bayani ɗaya suke nema: mawallafi, suna, bugu, gari da maɗaba'a da shekara, yawan shafi, lambar ISBN (lambar shaidar littafi ta duniya), da batun littafin. Matsala tana farawa ne daga sunan mutum. Ƙa'idar Turawa ta ginu kan sunan iyali, mu kuwa sunan ƙarshe yakan zama na uba, ko na gari, ko laƙabi, ko sarauta. Ga Alhaji, ga Malam, ga Shehu, wanda a wurin wani girmamawa ne, a wurin wani kuma sunan yanka. Shehu Usmanu kaɗai za ka same shi a littattafai da Danfodiyo, da dan Fodio, da Ibn Fudi, ban da rubutun Larabci. Idan aka shigar da kowanne yadda ya zo, ayyukan mutum ɗaya sun watse gida huɗu. Maganinsa a zaɓi sura ɗaya a tsaya a kanta, sauran a yi musu nuni zuwa gare ta, a kuma ajiye jerin sunayen da aka tsayar.

Ga kuma littattafan hikaya na kasuwar Kano, waɗanda da yawansu babu shekara, babu maɗaba'a, babu ISBN, kuma labari ɗaya ya kasu na ɗaya, na biyu, na uku. Mai katalog yakan ƙiyasta shekara daga tallar da ke bangon baya ko ranar da aka sayo, ya nuna a bayanin cewa ƙiyasi ne. Haruffa masu lanƙwasa ma suna da nasu rikicin: idan an shigar da suna da ƙ ko ɗ ko ɓ, mai nema kuma ya buga k ko d ko b a waya, wata manhajar sai ta ce babu. Ya kamata a gwada wannan tun ranar da aka kafa manhajar, in ta ƙi, a riƙa ƙara suna na biyu marar lanƙwasa.

Me ya sa ake hana mai karatu mayar da littafi kanta da kansa?

Domin littafin da aka saka a gurbin da ba nasa ba, da shi da wanda aka sace duk ɗaya ne: katalog na cewa yana nan, hannu bai same shi ba. Shi ya sa ake cewa a bar shi a kan tebur. Kowace safiya kafin a buɗe ƙofa, ma'aikata kan bi kanta suna karanta lambobi daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa. A nan ake tono littafin lissafi da ɗalibi ya ɓoye cikin na tarihi don kada abokan ajinsa su riga shi gab da jarrabawa. Ba a cika kanta maƙil. A bar kusan kashi ɗaya cikin huɗu fili, in ba haka ba sabon littafi ɗaya zai sa a matsar da layi guda.

Wajen aro, ɗalibi ba shi ne mai wuya ba, tunda ba zai karɓi takardar kammala karatu ba sai laburare ya sa hannu. Manya ne masu wuya, waɗanda littafi kan shekara a ofishinsu kuma ana jin nauyin tambaya. Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa: abin da mutum ya ara sirrinsa ne, ba a faɗa wa miji, ko malami, ko aboki.

Idan mutum ya zo da tambaya, nuna masa kanta kawai ake yi?

Abin da mutum ya fara faɗa da wuya ya zama shi ne ainihin abin da yake nema. A ce ɗaliba ta zo ta ce, "Malam, don Allah littafin noma nake so." Wanda bai iya aiki ba zai nuna mata 630, gurbin noma, ya koma kujerarsa. Wanda ya iya zai ce, "Malama, wane irin noma? Aikin aji ne ko na kammala digiri? Yaushe za ki miƙa?" Tambaya uku sai ta fito cewa tsutsar da ta yi wa tumatir ɓarna a Kano da Kaduna a 2016 take bincike a kai. Wannan ba a tsohon littafi yake ba. Yana cikin mujallun bincike, da rumbun intanet na AGORA na hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da kundayen ɗaliban da suka gabata, da jaridun shekarar. Sai a zauna da ita a nuna mata yadda ake nema da sunan ƙwaron na kimiyya, da yadda ake rubuta madogara.

Me ke lalata littattafai a ƙasarmu?

Gara ce kan gaba, kuma aikinta a ɓoye take yi: bango lafiya lau, ciki ya zama ƙasa. Kantar ƙarfe ta fi ta katako, layin ƙasa ya ɗaga daga daɓe kamar santimita 15, a kuma janye kanta daga jikin bango yadda za a ga hanyar gara da zarar ta fara gini. Kwalin littattafan kyauta da aka jibge a lungu "kafin a samu lokaci" shi ne abincinta na farko. Kyankyaso da ɓera kuwa abinci ke kawo su, dalilin hana ci a ciki ke nan.

Da damina, idan danshin iska ya haura kashi 65 cikin ɗari, fumfuna za ta kama. Littafin da rufi ya yi wa yoyo yana da kamar kwana biyu kafin ta fito: a tsayar da shi a buɗe gaban fanka, a riƙa saka farar takarda tsakanin shafuka ana canzawa, kada a shanya shi a rana. Da hunturu kuma akasin haka ne, takarda ta bushe ta yi ƙaras, gam ya tsage, ƙura ta shiga ko'ina. Ana kaɗe ƙura da burushi mai laushi, littafin a rufe gam, ba da jiƙaƙƙen tsumma ba. Salatif kuwa ba gyara ba ne. Bayan 'yan shekaru zai ɓare ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita.

Rubutun hannu na Larabci da ajami, irin wanda ake adanawa a Gidan Arewa a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ya fi kowanne son hattara. Warƙoƙinsa a sake suke cikin tadarishi, babu ɗinki, babu lambar shafi. Abin da ke riƙe da jerin shi ne kalmar da mai kwafa ya rubuta a ƙasan warƙa, wadda ita ce farkon ta gaba. Kafin a ɗauki hoto ko a ba mai bincike, sai a bi waɗannan kalmomi a tabbatar da jeri, a sa lamba da fensir, ba biro ba.

Wane karatu ake yi, kuma ina ake samun aiki?

Digirin ilimin laburare da sarrafa bayanai shekara huɗu ne. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashenta a 1968, akwai kuma a Bayero da Maiduguri da wasu da dama. Mai difloma yana shiga a matsayin jami'in laburare, amma cikakken ƙwararre sai mai digiri da ya yi rajista da hukumar rajistar ƙwararrun ma'aikatan laburare ta Najeriya (LRCN), wadda dokar 1995 ta kafa. A jami'a ana lissafa shi cikin malamai, ƙarin girmansa sai da bincike da wallafa, kuma shugaban laburare yana cikin manyan jami'an gudanarwa tare da magatakarda da ma'aji. Kotuna, asibitocin koyarwa, majalisun dokoki da gidajen rediyo duk suna da laburare. Yanzu wanda ya iya manhajar sarrafa laburare ta Koha, ya kuma san ajiye kwafin bayanai a wuri biyu saboda ɗaukewar wuta, ya fi saurin samun gurbi.

Ana zubar da littafi kuwa?

Ana cirewa, kuma dole ne. Littafin magunguna ko na kwamfuta da ya kwana biyu yana iya ɓatar da mai karatu, ga shi ya tare gurbi. A soke shi a rajista, a cire shi a katalog, a buga masa hatimin cirewa, da amincewar hukuma a rubuce, domin dukiyar gwamnati ce. Amma abin da aka buga a gida ba a yi masa wannan gaggawa. Doka ta ce mai buga littafi ya kai kwafi 3 Laburaren Ƙasa, in gwamnatin jiha ce ta buga ta kai 10, in ta tarayya ce 25, sai dai ƙananan maɗaba'u da yawa ba sa kaiwa, don haka ɗan littafin waƙoƙin da ke kantarka mai yiwuwa shi kaɗai ya rage. Haka tsofaffin kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939. Waɗanda ke ɗauke da ayoyin Alƙur'ani kuwa, ko sun yage ba a haɗa su da takardun da za a sayar wa masu ƙosai. A ware su a kwali daban, a nemi malamai su faɗi yadda za a yi da su.