Hayayyafar kwaɗon bishiya mai sheƙar kumfa

Kwaɗon bishiya mai sheƙar kumfa, wanda masana ke kira Chiromantis xerampelina, yana rayuwa a dazuzzukan kudanci da gabashin Afirka, daga Kenya da Tanzaniya zuwa Mozambik, Zimbabwe da arewacin Afirka ta Kudu. Masanin dabbobi ɗan Jamus, Wilhelm Peters, shi ya fara bayyana shi a kimiyyance a 1854. Akasarin kwaɗi cikin ruwa suke zuba ƙwai. Shi wannan a kan reshe yake ajiye nasa, cikin curin kumfa da ke rataye bisa kududdufi.

Da damina ta sauka, wato daga Oktoba zuwa Fabrairu a kudancin nahiyar, mazan kan taru da dare a rassan da suka leƙa kan ruwa, suna kuka ƙasa-ƙasa. Idan mace ta iso, namiji ɗaya ya haye bayanta ya rungume ta. Sai ta fitar da wani ruwa mai yauƙi, ta yi ta kaɗa shi da ƙafafun baya har ya zama farar kumfa, tana sakin ƙwai a ciki, namijin yana zuba maniyyi. Aikin yana cin sa'o'i da dama, kuma yana tsotse ruwan jikinta. Don haka takan tsaya, ta sauka kududdufi ta jiƙa jikinta, ta dawo ta ci gaba. Sheƙa ɗaya na iya ɗaukar ƙwai daga 500 zuwa fiye da 1,000.

Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne yawan mazan. Da wuya mace ta gama sheƙa da namiji ɗaya kaɗai. Wasu mazan kan kewaye su, su cusa kansu a gefen kumfar, su taya kaɗawa, kowa yana zuba nasa maniyyi, wani lokaci su haura 10. Binciken Phillip Byrne da Martin Whiting a Afirka ta Kudu ya nuna cewa yawan mazan yana ƙara adadin ƙwan da ke ɗaukar rai. Wannan gasa tsakanin mazan ce ake ganin ta sa 'ya'yan marainan namijin suke da girma ƙwarai idan aka kwatanta da jikinsa.

Da gari ya waye, rana ta busar da bayan kumfar ya zama ɓawo, cikin kuma ya ci gaba da riƙe danshi. Nan hikimar take: ƙwan sun tsira daga kifi da ƙwarin ruwa, ba su kuma bushe ba. Bayan kwana 4 zuwa 6, ƙasan sheƙar ya yi laushi, 'ya'yan masu wutsiya su zubo cikin ruwa, su ƙarasa girma a can.

Kariyar ba cikakkiya ba ce. Wani ƙaramin kwaɗo, Afrixalus fornasini, yana kutsawa cikin kumfar ya cinye ƙwan. Idan kuma kududdufin ya ƙafe kafin su faɗo, 'ya'yan kan sauka a busasshiyar ƙasa su mutu.

Wani ɗan'uwan kwaɗon bishiyar, Chiromantis rufescens, yana yin irin wannan sheƙa a dazuzzuka masu duhu na yammaci da tsakiyar Afirka, har da kudancin Najeriya da Kamaru.