Waiwaye: Yadda Iyakar Turai Ta Sauko Agadas

Kafin 2016, duk ranar Litinin ayarin motocin Hilux ɗauke da 'yan ci-rani kan tashi daga Agadas tare da rakiyar sojoji, su nufi Dirku, daga can sai Sabha a Libiya. Mutum ashirin ko fiye a bayan mota ɗaya, ƙafafu a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa don kada ya faɗo, fuska a naɗe da rawani, jarkar ruwa a ɗaure a gefe. Da rana tsaka ake wannan tafiya, ba a ɓoye ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Afirka ta Yamma damar shiga Nijar ba biza.

Ci-rani kuwa tsohon abu ne a wajenmu. In an gama girbi, rumbu bai cika ba, namiji ya kama hanya. Libiya ta zamanin Gaddafi ta ɗauki magina da leburori da masu gadi daga ko'ina, kuma akasarinsu ba Turai suka nufa ba. Su ma direbobin Agadas da dama tsofaffin 'yan tawaye ne, ko masu kai Turawa yawon buɗe ido, waɗanda tawayen 2007 ya kashe musu kasuwa. Da Gaddafi ya faɗi a 2011, aikin ya lalace, tekun Bahar Rum ya buɗe, jiragen roba suka riƙa nufar Italiya.

A Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada, arewa da Arlit, mafi yawa mata da yara 'yan yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya. A watan nan dai sama da mutum 360 suka nutse kusa da tsibirin Lampedusa na Italiya. Turai ta girgiza da na biyun, na farkon kuwa kaɗan ne suka ji labarinsa, abin da har yau yake ci mini rai.

Gwamnatin Mahamadou Issoufou ta kafa doka mai lamba 2015-36 a watan Mayun 2015, ta mai da safarar baƙi laifi. A Nuwamba shugabannin Turai da na Afirka suka yi taro kan ƙaura a Valletta, babban birnin Malta, Tarayyar Turai ta buɗe asusu na musamman don Afirka. Daga 2016, lokacin Mohamed Bazoum na ministan cikin gida, aka fara kama direbobi, aka jibge motocinsu a barikin soja. A shekarar, hukumar ƙaura ta duniya ta ƙirga sama da mutum 300,000 da suka bi ta Nijar zuwa arewa. Ƙidayar ta faɗi warwas bayan nan, amma waɗanda suka bi ta shingen ƙidaya kawai ake lissafawa. Direbobi sun koma tafiyar dare, suna kauce wa rijiyoyin da sojoji ke gadi, kuɗin mota ya tashi. In direba ya hango sintiri, sai ya sauke mutane a tsakiyar hamadar Tenere ya tsere. Mai sayar da jarka, mai abinci, ɗan kamasho, duk suka shiga halin ni-'yasu, tallafin da aka yi alkawari kuwa tsiraru ya isa.

Masu neman mafaka nasu ya fi ɗaci. 'Yan Sudan da suka gudo daga Darfur, suka sha uƙuba a Libiya, sun shekara da shekaru a sansani a wajen Agadas suna jiran ƙasar da za ta karɓe su. Aljeriya kuma na kwaso mutane ta zube su a kan iyaka, su taka kimanin kilomita 15 cikin rairayi kafin su isa garin Assamaka na Nijar.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Turai ta dakatar da tallafi, Janar Abdourahamane Tiani ya soke dokar 2015 ɗin a Nuwamba. Ayarin ya dawo fili, amma Nijar ta fice daga ECOWAS, Aljeriya kuma ba ta daina kora ba.