Haƙƙin Wanda Aka Kama a Zanga-zanga a Najeriya

Haƙƙin wanda aka kama a zanga-zanga shi ne kariyar da doka ta tanadar wa mutum daga lokacin da jami'an tsaro suka riƙe shi a wurin taro ko jerin gwano har zuwa yanke hukunci. A Najeriya tushensa Kundin Tsarin Mulkin 1999 ne, inda sashe na 39 ya ba da 'yancin faɗar albarkacin baki, na 40 kuma 'yancin taruwa cikin lumana.

Tarihi

A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, taron siyasa a Arewa sai da izini. 'Yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, su suka fi ɗanɗana kuɗar wannan ƙa'ida. 'Yan doka kan kama su a kai su gaban alƙali, kuma a lokacin lauya ba shi da ikon tsayawa a kotunan gargajiya, don haka wanda ake tuhuma shi ke kare kansa da bakinsa. An ruwaito cewa wajen 1953 an kama Hajiya Gambo Sawaba a Kano tare da mata masu yawa bisa laifin taro ba izini, aka ɗaure su.

Dokar Tsaron Zaman Lafiyar Jama'a ta 1979 ta ci gaba da sharaɗin neman izini, 'yan sanda suka riƙa fakewa da ita suna tarwatsa taruka. A watan Satumba na 2003 sun watsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa. Jam'iyyar da wasu takwarorinta suka garzaya kotu, lauya Femi Falana ya tsaya musu. Babbar Kotun Tarayya ta ba su gaskiya a 2005, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta tabbatar a 2007 cewa tilasta neman izinin 'yan sanda ya saɓa wa tsarin mulki. Wannan hukunci shi ne ginshiƙin da lauyoyin masu zanga-zanga ke dogara da shi har yau. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara da cewa aikinsu ne su ba taron tsaro.

Bayan kamu

Sashe na 35 ya fi kowanne muhimmanci ga wanda ke tsare. Yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wanda ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, abin da ke da nauyi ƙwarai ga matashin da ba ya jin Turanci aka miƙo masa takarda ya dangwala hannu. Dole a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kuma kwana biyu, sai dai in laifin na hukuncin kisa ne. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a.

Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, kamar uba a madadin ɗa, ta kuma umarci majistare ya riƙa duba caji ofis duk wata. Wata doka ta 2017 ta haramta azabtarwa. A doka belin 'yan sanda kyauta ne, amma koke-koken karɓar kuɗi ba su yanke ba.

Masu kariya

Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, tana tsaya wa marasa hali kyauta, haka ma lauyoyin sa-kai.

Shari'ar 2024

Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 zuwa 10 ga Agusta 2024, an kwashe waɗanda aka kama a Kano da Kaduna da wasu jihohi zuwa Abuja. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da rukunin farko na mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya bisa tuhume-tuhumen da suka haɗa da cin amanar ƙasa, bayan kusan wata uku a tsare. Da dama cikinsu yara ne. Sun shigo a rame, huɗu suka yanke jiki suka faɗi a tsakar kotu kafin a karanta musu tuhuma. Alƙali ya sa belin naira miliyan 10 kan kowanne, kuɗin da iyayen irin waɗannan yara ba su da hanyar samu. Ranar 4 ga Nuwamba Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin sakin yaran, washegari kotu ta kori ƙarar, aka miƙa su ga gwamnonin jihohinsu.

Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a zanga-zangar. Rundunar 'yan sanda ta musanta.