Tsami na cinye ɓawon haƙori: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Waɗannan tambayoyi na amsa su a ɗakin duba haƙori, na amsa su a gidan biki, har a bakin masallaci an tare ni da su nan Maradi. Bari in rubuta su wuri guda, wanda ya sake tambaya in turo shi nan.

Mene ne ɓawon haƙori?

Farin rufin nan mai ƙyalli da kake gani in ka buɗe baki. Duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai shi tauri, har ƙashi. Kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne, kalshiyam da fosfet.

In ya zaizaye yana sake tsirowa?

A'a. Babu rai a cikinsa. Miyau da man goge baki suna iya ƙarfafa wurin da ya fara laushi, amma abin da ya tafi ya tafi. Duk wanda ya miƙo maka ƙullin gari a kasuwa ya ce zai mayar maka da shi, kuɗinka yake so.

Ni ba na shan zaƙi, me ya sa haƙorana ke lalacewa?

Cuta biyu ce daban kake ɗauka ɗaya. Kogon haƙori aikin ƙwayoyin cuta ne, su ci sukari su fitar da asid. Zaizaya kuwa tsami ne kai tsaye, ba ruwansa da sukari. Akwai ma'aunin tsami da ake kira pH: ruwa mai kyau yana kan 7, kuma raguwar lamba ƙaruwar tsami ce. Ɓawon haƙori yana fara narkewa daga wajen 5.5. Baƙin lemun kwalba yana wajen 2.5, lemun tsami ma haka ko ƙasa. Zoɓo da tsamiya da ɗanyen mangwaro duk suna ƙasa da iyakar nan, haka lemun kwalba marar sukari. Abin da kuke cewa "tsami ya kashe mini haƙori", gargaɗi ne bakinku ke yi muku. Kuma yawan lokutan sha ya fi yawan abin da aka sha illa. Ɗan kabu-kabu ko mai shago da ke rataye da gorar zoɓo yana kurɓa tun hantsi har la'asar ya fi cutar da kansa bisa wanda ya shanye kofi guda wajen cin abinci.

Yaya zan gane ya fara?

Ruwan sanyi ya riƙa sukarka har cikin kai. Haƙori ya koma ruwan ɗorawa, don abin da ke ƙarƙashin ɓawon ya fara bayyana. Bakin haƙoran gaba ya yi siriri, turame su yi ƴan ramuka a sama.

Gawayi ko toka ko gishiri da lemun tsami suna sa haƙori fari?

Ku daina, don Allah ku daina! Ƴan mata masu shirin aure, da ku nake, da iyayen da ke haɗa muku. Lemun ya tausasa ɓawon, gawayin ya kankare shi. Kwana biyu za ki ga haske ki ji daɗi, bayan nan rawayar da kike gudu ita za ta fito, kuma ba ta wankuwa, don ba datti ba ce.

Da azumi ina buɗa baki da kunun tsamiya ko zoɓo, kuma ina son yin asuwaki kafin salla. Yaya zan yi?

Wannan kam tambaya ce. Ba zan ce ka bar asuwaki ba, ba kuma zan ce ka bar kunu ba, na san ba mai ji. Ga inda matsalar take. Bayan yini guda ba ci ba sha, musamman in azumi ya faɗo cikin bazarar Maradi, baki ya bushe, miyau ya ragu, alhali miyau ne ke wanke tsami ya mayar wa haƙori ma'adininsa. Sai ka zuba tsami a busasshen baki, sai ka bi shi da gogewa nan take. Kamar katangar laka ce da ruwa ya jiƙa: in ka kankare ta a jiƙe ƙasa za ta biyo hannunka, in ka bari ta sha iska sai ta tsaya.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a jira minti 30 zuwa awa guda. Masu bincike ba su gama daidaitawa ba kan ko wannan jira ya wadatar, wasu na ganin ɓawon ba ya gama komawa daidai cikin wannan lokaci. Saboda haka ni na fi karkata ga canza tsari. Ka buɗa baki da dabino da ruwa, ka kurkure, ka yi asuwakinka a hankali, ka yi magariba. Kunun ya zo bayan salla, tare da abinci, a shanye shi zama ɗaya, a bi shi da ruwa. Tsakanin nan da isha'i akwai tazara mai kyau. In kuwa gidanku ba a iya jira, to ka kurkure sosai, ka tauna kan asuwakin ya yi laushi, ka shafa kawai ba dirzawa. Da sahur kuma a guji mai tsami, tunda bakin zai yini a bushe.

Amma duk wannan ya danganta da bakinka. Mai lafiyayyen haƙori da ke shan kofi guda ba abin tada hankali ba ne. Wanda ruwan randa ma ke sukarsa, ko mai ƙwannafi, shi lissafinsa daban, sai an duba shi. Hukuncin ibada kuma na malamai ne, ni haƙori nake magana.

Kun ce a nemi man goge baki mai fulorayid. Ba shi ne ya lalata yaran Tibiri ba?

Na fahimci tsoron, kuma ba na raina shi. Fulorayid sinadari ne da ke ƙarfafa ɓawon haƙori in bai yi yawa ba. Abin da ya faru a Tibiri, garin nan kusa da Maradi, ruwan sha ne mai fulorayid fiye da ƙima, yara suka sha shi shekara da shekaru lokacin da haƙora da ƙasusuwansu ke ginuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a lita guda, ruwan can ya ninka haka. Man goge baki kuwa shafawa ake a tofar. Ki kwantar da hankalinki, hajiya. Babba ya nemi mai lambar fulorayid 1350 zuwa 1500 a jikin kwali, sau biyu a rana, minti biyu, ya tofar kada ya kurkure. Yaro ƙasa da shekara 3 a sa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙaramin wake, ki tsaya a kansa kada ya haɗiye.

Ina da ciki, ina yawan amai. In goge baki bayan kowane?

A'a, ƴar'uwa. Asid ɗin ciki ya fi duk abin da na lissafa ƙarfi. Ki kurkure da ruwa, ki bar buroshi sai an jima. Mai ƙwannafi kuma ya je a yi masa maganin cikin, in ba haka ba gyaran haƙori aikin banza ne.

Wane buroshi?

Mai laushi. Kuma ku daina dirza kamar kuna wanke tukunya da ƙarfin tsiya.

Fura da nono fa, ai da tsami?

Sha abinka. Nono yana ɗauke da kalshiyam, tsaminsa ba ya cin haƙori kamar na zoɓo. Sukarin da kake zubawa a ciki shi za ka rage.