Wai binciken kimiyya sai a Turai?

A zaman hira a Mai Wurno da ke Sudan, sau da yawa nakan ji dattawanmu na cewa binciken kimiyya aikin Turawa ne, mu namu jiran sakamako kawai. Wannan magana ba haka take ba, kuma tana ci mini rai.

Ku dubi ciwon maisetoma. Manomi ya taka ƙaya a gona ba takalmi, ƙwayar cuta ta shiga, ƙafa ta yi ta kumbura a hankali tana fitar da ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe, wani lokaci har sai an yanke ta. Manoman Jazira da Sinnar sun san shi sarai. Wa ya tsaya a kansa? Farfesa Ahmed Hassan Fahal ne ya kafa cibiyar binciken ciwon a Jami'ar Khartum a 1991. Da haƙurin likitocin cibiyar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ciwon cikin cututtukan da aka yi watsi da su a 2016, kuma a 2017 aka fara gwajin sabon maganinsa a Khartum.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya tarwatsa aikin, abin takaici. Masanan da suka watse su ne ya kamata a fara nema a dawo da su.