Wutar gaz ta yi rawaya, gindin tukunya ya yi baƙi

Ni malamin kimiyya ne, ba mai gyaran risho ba. Amma tun da matatar Zinder ta fara aiki a 2011, gaz ya shiga gidajen Maraɗi, ba na zuwa biki ko suna ba a tare ni da tambayoyin nan ba. Ga amsoshin, na huta.

Malam, cuɗa gaz ɗin aka yi da wani abu?

Da wuya. Ku daina zagin mai sayarwa.

To baƙin daga ina?

A cikin wutar ake ƙera shi. Butan, wato mafi yawan abin da ke cikin butalin, kowace ƙwayarsa haɗin kabon 4 ce da haidurojin 10. In iska ta wadata, sai ya ƙone ƙurmus, wuta shuɗiya, tukunya fes. Sai dai haɗama gare shi: mudu ɗaya na gaz yana neman kusan mudu 31 na iska, don oksijin kashi 21 ne kacal cikin 100 na iskar da muke shaƙa. In ba ta kai ba, zafi ya farfasa gaz ɗin gunduwa-gunduwa bai ƙone ba. Daga ciki akwai asetilen mai kabon 2, akwai wani gutsure mai kabon 3. Biyu irin na ƙarshen nan su haɗu, su naɗe zobe mai kabon 6, shi ne benzen. Daga nan asetilen ya dinga mannewa, zobe kan zobe kamar saƙar zuma. Mai zobe 2 shi ne naftalen, ƙwallayen nan farare da iyayenmu mata ke sakawa cikin adaka don asu. Haka har su dunƙule su zama kunkunniya, duk kafin ki ƙifta ido.

Wanda bai yarda ba ya je wurin mai walda da karbaid, asetilen ɗin nan yake ƙonawa. Kafin ya buɗe oksijin, dubi baƙaƙen zaruruwan da ke tashi suna sauka a kan rigarsa.

Me ya sa launin rawaya?

Ƙwayoyin kunkunniyar ne suka yi zafi suna haske kamar garwashi. Da su fitilar ƙwai ke haska ɗaki. Ɗaga lagwani kaɗan, ki ga ƙwan ya turnuƙe.

In faɗaɗa ramin fitar gaz da allura don wuta ta yi ƙarfi?

Kul! Ɗana, gaz ka ƙara, iska kuwa tana nan yadda take. Ka ɓata rishon, ka ƙara baƙi.

Tawa tana yin ja-ja, amma tukunya ba ta baƙi. In kai gyara?

Hajiya, wannan kam ya danganta. Ba kowace rawaya ce kunkunniya ba. Lokacin hunturu, ƙurar da ke shiga wutar tana sa ta walƙiyar ruwan lemo. Miya ma in ta tafaso ta zube, gishirinta kaɗai ya isa ya rina wuta. Waɗannan ba laifin risho ba ne, ki kwantar da hankalinki. Ki ɗora farin kwano da ɗan ruwa na minti biyu, ki sauke, in ya huce ki shafa gindinsa da yatsa. Ba baƙi? Mai yiwuwa ƙura ce. Ki ƙara lura da siffar wutar: ta ƙura gajera ce, tsaye, shuɗiya daga ƙasa, launin yana zuwa yana tafiya. Ta rashin iska doguwa ce, langaɓaɓɓiya, tana lasar gefen tukunya. In haka ne, ki kashe, ki rufe butali, ki duba ƙofar iskar da ke ƙarƙashin kan rishon. Na taɓa kwance wa ƙanwata nata, na tarar zanzaro ya yi gini a ciki, da laka da komai. Wani lokaci kuma tukunyar ce ta cika faɗi, ko ta zauna dab da wutar ta toshe mata iska, to nan ba gyara ake nema ba. Amma in kin share, kin sauya tukunya, rawayar na nan, ki kai wa wanda ya san aikin. Daga nesa ba zan iya rantsewa ba.

Ai baƙi ne kawai, me zai yi?

Wannan tambaya na ɓata mini rai. Wutar da ke kunkunniya tana fitar da kabon monoksaid, wato wani gaz mai guba, ba launi ba wari, yana kashe mai barci. Ga mu da rufe ɗaki ruf da kaskon gawayi in sanyi ya sauko. Cikin zoben nan kuma akwai masu jawo ciwon daji: tun 1775 likita Percivall Pott ya lura kunkunniya na jawo shi a jikin masu share bututun hayaƙi a Landan. Ku buɗe taga.

Toka da yashi suna fitar da shi?

Suna fitarwa. Gobe ya dawo.